Kaset Ɗin Inna a Shagon Wheaton

Shekarar da ƙwarin nan masu jan ido suka fito daga ƙasa suka cika bishiyoyi da ƙara na fara shiga shagon. Yana kan babban titin Wheaton, wani gari a nan ƙasar Turawa. An ce da farko wani tsohon Bature ne ke gyaran takalma a ciki. Bayansa 'yan Koriya suka yi wanki da guga, suka tafi suka bar bututunsu a bango. Ni wani dattijo ɗan Maraɗi na tarar, yana sayar da kuka da daddawa. Baba muke ce masa.

A lokacin ban iya karatu ba, Inna ma haka. Sai ta yi magana a kaset can gida ta ba matafiyi, ya kawo shagon. Yayata ma takan yi haka. A ɗakin baya nake saurara, domin rediyon Baba kaɗai ke cin kaset. Can nake ajiye su cikin kwalin madara. Bayan rasuwarta nakan je ranar Juma'a in ji ta tana yi mini faɗa a kan aure.

Da Baba ya koma gida Maraɗi, wani likita ɗan Kano ya sayi shagon. Wai zai sayar da shayi irin na Turawa. Mutum ne mai gaisuwa da kan yatsu. Kowace Juma'a sahunmu ɗaya a masallaci, bai taɓa buɗe baki ya ce mu kwashe kayanmu ba. Takarda ya manna a ƙofa. Mako biyu ina wuce ta, na ɗauka talla ce.

Ranar da na ga an share ɗakin na tare shi.

"Likita, ina kwalina?"

"Haba Malam, ai na sa sanarwa. Har da Hausa na rubuta."

"Wa ka rubuta wa?"

Ya duba agogonsa. "Tarkace ne fa. Wa ke jin kaset yanzu?"

Duk karatunsa bai kai shi ya san su wa ke shiga ɗakin ba. Shayin nasa ko shekara bai yi ba. Yanzu farce ake gyarawa a wurin.

Motar shara ta tafi da kaset goma sha ɗaya na Inna, da biyu na yayata, da rediyon Baba.