Bappa Njidda da Turakun Gwamnati

Ni dai na san kaina. Allona bai kai izu guda ba, kuma in aka ce a ɗaga hannu, nawa yakan riga hankalina tashi. Bappa Njidda kuwa, ƙanen ubana, kun san shi: bai taɓa zama a benci wurin taro ba. Sai dai ya tsaya can baya da sandarsa, ƙafa ɗaya a kan gwiwa kamar zalɓe. Wai wanda ya zauna a bencin hukuma ya riga ya yarda, saura tafi.

Zamanin da ake juya mu daga Maiduguri, masu awo suka shigo fadamarmu ta bayan Yola, suka kakkafa turaku masu jan kai. Ko sallama! Washegari duk turakun suna gidan Bappa, awakinsa a ɗaure a jikinsu. Jauro, mai garinmu, ya zo ya ce: "Njidda, kayan gwamnati ne fa!"

"Abin da ya tsiro a gonata nawa ne. Ka ce musu irin yana da kyau, su ƙaro."

Sai aka kwashe mu zuwa Jimeta, wai za a ji ra'ayinmu kan dam ɗin da za a tare rafinmu da shi. Ra'ayin banza! Katafila tana can tana ture ƙasa tun kafin mu hau mota. Babban ma'aikaci ya yi Turanci, tafinta ya yi Hausa, tsofaffinmu masu jin Fulatanci kaɗai suna gyangyaɗi. Bappa ya ɗaga murya daga baya:

"Yallaɓai, masakwa ba dawar damina ba ce. Sai ruwa ya kwanta a fadama, ya janye, mu dasa a lakarsa. In kun tare shi, me za ta sha?"

"Za a duba."

"Da wane ido? Wanda bai gan mu ba?"

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Daidai lokacin farantin goro yana zagayawa. Wallahi na ɗaga, har ina miƙewa don mai farantin ya gan ni.

Shekara ta zagayo, fadama ta tsattsage kamar kaushi. Bappa ya cika ƙwarya da busasshiyar laka, ya rufe da faifai, ya kai ofis. Ma'aikacin ya washe baki, ya ɗauka kindirmo ne.

"Girbin bana ke nan," in ji Bappa. "Na ce kada a ci babu ku."

Mun yi dariya, rumbu wayam. Awakin suka ƙare a kasuwa, turakun suka rage. Allah ya jiƙan Bappa, ya shayar da shi daga ruwan da ba mai tarewa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na kai masa kunun masakwar da na auno a kasuwar Jimeta. Ya kurɓa, ya dube ni.

"Buba, hannun nan naka, ka sauke shi, ko har yanzu yana sama?"