Shekarar da Yaya Ya Tafi Koyon Ɗinki

A Ɗanzomo na tashi, a wani gida mai ɗaki uku da rumbu biyu, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Mu biyu ne muka rayu a ɗakin Inna: Yaya, wanda shi ne ɗan fari, sai ni auta. Tsakaninmu akwai uku da suka koma, biyu a shekarar ƙyanda, ɗaya tun yana goye. Ban san su ba, Inna kuma ba ta taɓa yi mini zancensu ba. Sai dai ko rijiya na je na ɗan daɗe, zan tarar da ita a ƙofar gida da muciya a hannu, tana duban hanya.

Da yake Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole. Haka matan lokacin suke. Ni ce bakinta. Yana zaune a gindin ɗaki, ita tana bakin murhu, taku biyar ne tsakaninsu, amma sai ta ce da ni, "Auta, ki ce wa wancan tuwonsa yana hucewa." In juya in faɗa masa, shi kuma ya ce, "Ki ce mata na ji." Ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba sai da na girma.

Sana'ar Inna man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A gida take yi, a gida ake zuwa saye. Ban taɓa ganin ta wuce bayan gari ba, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba. Baba kuwa manomi ne, gero da wake da gyaɗa, mutum mai ƙarancin magana.

Da kakar wata shekara, ina da kamar shekara goma sha ɗaya, Baba da Yaya suka ɗora gyaɗa a jakuna suka kai Gagarawa Tasha, inda ake aunawa a loda wa jirgi. Kwana uku suka yi. Da suka dawo, na matsa wa Yaya ya ba ni labarin jirgin ƙasa, don ban taɓa gani ba. Ya ce yana da tsawo, yana da hayaƙi, shi ke nan. Abin da ya cika masa baki wani tela ne mutumin Gumel, da ya kafa kekensa a rumfa kusa da sikeli. Ya ce yana tsaye mutumin ya yanka alawayyo ya ɗinka taguwa kafin a gama auna gyaɗarmu. Yana ba ni labarin yana taka ƙasa da ƙafarsa, kamar keken ne a gabansa.

Ashe bai tsaya a kallo ba. Ya riƙe wa telan yadi, ya zura masa zare a allura, har mutumin ya ce da Baba in an yarda a ba shi yaron ya koya masa, ya zauna a gidansa a Gumel. Baba ya ce zai yi shawara.

Ina tsince wake a tsakar gida ranar da Baba ya gaya wa Inna. Ba ta ɗago daga turmin da take kirɓa gyaɗa ba.

"Malam, ɗanka ne," ta ce. "Yadda ka gani."

"Na ga ya je. Rani ne, ba aikin da yake yi."

"To."

Daga wannan "to" ɗin aiki ya ɓarke a gidanmu. Washegari ta ce in gaya wa wancan dangar bayan gida ta kwanta, awaki na shigowa. Ya yi kwana huɗu yana yankan kara yana ɗauri. Da ya gama, sai jinkar rumbu ta zama tana yoyo, alhali ko hadari babu a sama. Bayan jinka sai itace, bayan itace sai turken jaki. Ranar da aka tsayar za su tafi da wani maƙwabcinmu mai zuwa Gumel, da sassafe Inna ta jiƙa rigarsa ta fita unguwa, wadda ita kaɗai gare shi, ta ce ta ga dauɗa a wuya. Maƙwabcin ya jira har hantsi ya tafi abinsa. Sati na gaba kuma ta tashi da ciwon kai, ta ɗaure goshi da ɗankwali, ta kwanta. Yaya ya kwance ƙullin kayansa da kansa.

Baba yana ganin duk wannan, ya zuba mata ido. Yaya ma bai yi gardama ba. Ya daina zancen Gumel gaba ɗaya, ya daina fita dandali wurin samari. Sai ya samo allura da zare, ya zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gida yana bin duk wani tsumma da ke gidan. Ya yi wa wandon Baba faci, ya kalmashe bakin zanena. Wata rana ya ɗauki tsohon zanen saƙi na Inna daga kan igiya, wanda ya yage tun bara, ya ɗinke shi, ya mayar inda ya gan shi. Na ga lokacin da Inna ta ɗauka. Ta daɗe tana bin ɗinkin da babban yatsa, ta ɗaga shi a rana, sannan ta ninke ta shiga ɗaki.

Gwaggo, yayar Baba, ita ce ta fasa maganar. Ta zo sayen mai, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ba ta kore ni ba, ni ma ban tashi ba.

"Na ga yaron nan a waje yana ɗinkin tsumma," ta ce. "Har yaushe za ki ajiye shi?"

"Ni na ajiye shi? Ubansa ya ce ya tafi."

"Kada ki yi mini wannan. Ni ma na haifa."

Inna ta ci gaba da murza tunkuza. Can ta ce, "Gumel da nisa. In ya kwanta ciwo wa zai duba shi? Ba ya cin miyar kuka in ta kwana. Wa ya san wannan a can?"

"Waɗancan ukun a cinyarki suke," Gwaggo ta ce, a hankali ta faɗa. "Ba ki kai su ko'ina ba. Da Mai su ya kira, kin iya riƙewa?"

Ban taɓa jin wani ya ambace su a gaban Inna ba. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Na zaci za ta yi fushi, sai na ga hawaye yana ɗiga a kan tunkuzar. Gwaggo ba ta ba ta haƙuri ba. Ta matso ta karɓi ƙwaryar ta ci gaba da murzawa, suka zauna a haka har aka kira azahar.

Bayan kwana biyu Inna ta daka gumba, ta soya ƙuli mai yawa, ta cika wata 'yar kwalba da mai. Ta wanke rigar nan tun ana saura kwana uku, ta bushe, ta ninke. Ta ce da ni, "Ki ce wa wancan gobe masu jakuna za su Gumel." Da gari ya waye, Yaya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce zai tafi. Daga ciki ta amsa, "Allah ya tsare. Allah ya sa albarka." Ba ta fito ba. Ni da Baba muka raka shi har bayan gari. Da na dawo na tarar tana daka geron da na san tun jiya ta surfa ta daka.

Wata uku ba mu gan shi ba. Saƙon gaisuwa dai yana zuwa ta bakin masu zuwa kasuwa, kullum lafiya lau. Inna ba ta yarda da lafiya lau ba. Rannan ta ce da Baba mai ya taru mata, masu saye a gari sun yi ƙaranci, tana so ta kai kasuwar Gumel. Baba ya dube ta, ya dubi garwar man da ko cika ba ta yi ba, ya ce, "Ku je da Auta."

Bayan asuba muka bi ayarin mata, ita da garwa a ka, ni da ƙwaryar ƙuli. Yashi ne hanyar, ƙafa tana nutsewa. Rana ta take kafin mu shiga gari. Ba ta ko nemi wurin zama ba, ta bar kayan wurin wata 'yar garinmu, ta kama hannuna muka bi layin teloli.

Ni na fara hango shi. Ya rame, ya ƙara tsawo, an ɗaure masa yatsa ɗaya da ƙyalle. Yana kan keke, kansa a sunkuye. Inna ta ja ni bayan rumfar wani mai tabarmi, muka tsaya muna leƙe ta tsakanin tabarmin da aka jingine. Muna nan maigidansa ya ɗauki rigar da ya ɗinka, ya juya ta, ya jefa masa a cinya, yana faɗa yana nuna hammatar. Ba mu jin abin da yake cewa, amma mutane sun juyo suna kallo. Inna ta matse mini hannu har na ji zafi.

"Je ki ce masa," ta fara, sai ta tsaya.

"In ce masa me, Inna?"

Idonta na kan Yaya. Yaya ya ɗauki reza ya shiga warware ɗinkin, zare bayan zare. Ya sake jera yadin, ya sa a keke, ya taka. Da ya gama ya miƙa da hannu biyu. Maigidan ya duba ciki da waje, ya gyaɗa kai, ya faɗi wata magana da ta sa su duka dariya, har da Yaya. Na manta rabon da in ga haƙoransa. Sai wata yarinya ta kawo kwanon abinci, suka kewaye shi su huɗu, Yaya yana kai loma kamar kowa.

Inna ta saki hannuna. "Je ki gaishe shi," ta ce. "Ki kai masa ƙuli. Kada ki ce ina nan."

Da ya gan ni ya miƙe, ya tambaye ni Baba, ya tambaye ni jaki, ya nuna mini yadda ake zura zare a ƙasan keken. Sannan ya dubi wajen rumfar mai tabarmi, ya rage murya.

"Tun ɗazu na ga zanenta," ya ce. "Ki ce mata yatsan ya warke, allura ce kawai. Ki ce ina cin abinci."

Na koma na isar. Ta ce, "Na gani ai." Muka je ta sayar da manta, kafin la'asar ya ƙare tas, har wata mai tuyar ƙosai ta ce ta riƙa kawo mata duk sati. A hanyar dawowa Inna ta yi ta magana, abin da ba halinta ba ne. Ta yi zancen girman kasuwar, da matan Fulani masu nono, da wani raƙumi da ya ƙi tashi. Zancen Yaya sau ɗaya ta yi, muna dab da gida. Ta ce, "Da ni ce aka jefa wa riga a gaban mutane, da na taho gida. Shi ya zauna."

Da damina ya dawo noma, da kaka ya koma. Inna ba ta sake nemo masa danga ko jinka ba. A shekara ta uku maigidansa ya fara tura shi kasuwar Maigatari shi kaɗai da keke a kan jaki, inda mutanen Damagaram ke kawo ɗinki. Da labarin ya zo cewa yana so ya zauna can dindindin, Baba ya dubi Inna yana jiran abin da za ta ce. Ta ce, "Can ma mutane ne." Ta ce in aika masa kada ya riƙa shan ruwan kududdufi, shi ke nan.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, ita kanta Inna ba ta koma zaman gida ba. Mai ƙosan nan ta zama ƙawarta. Daga garwa ɗaya ta koma biyu, Baba ya bar mata jaki ranar kasuwa. Ta san Gumel lungu-lungu, ta je Sule Tankarkar, har Gagarawa Tasha ta je da kaka, ta ga jirgin da idonta, ta dawo ta ba ni labarin da Yaya ya kasa ba ni.

Da lokacin aurena ya zo, bai yi mata wuya kamar tafiyar Yaya ba. Wani abokin Yaya ne mai sayar da kanwa a Maigatari, mun ga juna mun daidaita. Ta yi kuka ranar da za a kai ni, ni ma na yi, amma da hannunta ta ɗaure mini kaya, ba ta kuma jiƙa komai ba.

Bayan na yaye ɗana na fari na zo ganin gida, da niyyar in yi sati biyu, don ina ta tunanin tana nan ita kaɗai cikin kewa. Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya. Ya ce ai Inna tana Gumel, sai yamma. Da ta dawo ta sauke garwa, ta karɓi yaron ta juya shi ta ce wannan miji nata ya cika ƙiba, ba za ta iya ciyar da shi ba. Muka yi hira har magariba. Da na faɗa mata kwanakin da zan yi, ta ce, "Sati biyu? Wa kika bar wa gidanki?" Kwana biyar na yi. A na shida ta ɗora ni a jakinta da yaron a baya, ta raka ni har inda ake hawa motar Maigatari, sannan ta wuce kai wa mai ƙosai manta.