Sa'an Najeriya

A Lafagu babu wanda bai san Abdulganiyu Tela ba, ko da yake laƙabinsa, Sa'an Najeriya, ya fi sunansa tafiya. Mahaifiyarsa ta sha gaya masa cewa ranar samun 'yancin kai ta haife shi, kuma a kan wannan magana guda ya gina mutuncinsa. Ɗinkinsa dai ba abin yabo ba ne.

Kowace ranar ɗaya ga Oktoba yakan sanya kaftani kore da fari, ya zauna a ƙofar shagonsa yana lissafa wa jama'a abin da ya faru a ranarsa: 'yancin Najeriya, zamanta jamhuriya, kafuwar sabuwar ƙasar Sin, ƙirƙiro jihar Zamfara. Yakan faɗe su kamar da shawararsa aka yi. Mai hankali ya san cewa haɗuwa da babban al'amari a rana ɗaya ba cancanta ba ce, domin a ranar an haifi awaki ma. Abdulganiyu bai taɓa kallon batun ta nan ba.

Wata shekara ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Dela, ta zo daga tsallaken iyaka, ta tarar da shi cikin kwalliya yana jawabi.

"Ganiyu, wagga riga ta mi ce?"

"Tutar ranar haihuwata ce, Inna."

"To ina ja da ɗorawa? Uwarka gida ta taho goyon ciki, can Segbana. Ni na yanke maka cibi, ana ta kiɗan tafiyar Faransawa. Gero ko kai bai fidda ba."

Namadi mai shayi, wanda ya gaji da jawabin tun yana saurayi, ya ce, "Ashe kai Sa'an Dahomey ne! Mu ga takardarka ta shigowa."

Lissafin ba ya da wuya. Dahomey, wato Binin ta yanzu mai tutar kore da ja da ɗorawa, ta sami 'yanci ranar ɗaya ga Agusta, wata biyu kafin Najeriya. Marigayiya mahaifiyarsa ba ta yi ƙarya ba. Ba a dai tambaye ta 'yancin wa ba.

Abdulganiyu ya sunkuyar da kai, ana ta dariya, laƙabinsa na zamewa a gaban idonsa. Can ya ɗago.

"Inna, kin ce na riga Najeriya zuwa duniya?"

"Ƙwarai."

"To ku ji. Ni ba sa'anta ba ne, yayanta ne."

Tun daga ranar ya daina yabon ƙasar, ya koma yi mata faɗa kan hanya da tsadar taki. Idan ɗaya ga Oktoba ta zo kuwa, ba ya fita. Ya ce ƙanwa ce ke zuwa gaisuwa.