Kujerar Aski a Kan Teku

Ni mutumin Jos ne, mai walda, kuma kafin in zo Doha ban san wani ruwa da ya wuce na bokiti ba. Amma ni kafil ɗina, wato ubangidan da ya kawo ni aiki, ya zaɓa in gyara masa jirgin ruwa.

Dattijo ne da ɓarin jikinsa ya shanye a shekarar korona, Baba muke ce masa. Yana da ɗan jirgi irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura. 'Ya'yansa suka ce tunda ba ya iya tuƙawa, za su sayar kafin baƙin gasar kofin duniya su watse. Ya ce sai dai bayan ransa.

Matsalar ita ce sauka daga kekensa na guragu zuwa cikin jirgin. Na tuna wani shagon aski a unguwar Fereej Abdel Aziz da korona ta rufe. Na ɗauko kujerar askin, na kai ta garejinmu da ke Sanaiya, na yi mata gindi. In ka taka fedarta, ta ɗago daidai da keken, ya zame ya zauna. In ka saki, ta sauka da shi kusa da sandar tuƙi. Har ɗamara na sa mata. Wallahi na ji kaina ya yi girma.

Ba wanda ya gaya mini cewa jirgin nan a karkace yake tafiya. A garejinmu tsaye yake ƙyam.

Ranar gwaji, ni da Baba da babban ɗansa, muna barin gaɓa iska ta bugo, jirgi ya kwanta gefe, kujera ta tuna sana'arta. Ta juya da Baba, ta nuna mana ƙeyarsa, ta dawo da shi. Ni kuwa ina rungume da bokiti, igiyar ƙyallen a hannuna, ina kiran sunan Yesu.

"Khalas! Ya isa!" in ji babban ɗansa. "Mu koma!"

"Baba, ka yi haƙuri," na ce, "gobe zan like ta da walda."

Sai na ga sandar tana hannunsa mai lafiya, bai sake ta ba. Dariya yake yi har da hawaye.

"Kada ka taɓa ta," ya ce. "Tun da na kwanta, mutane ke juya ni kamar buhu. Yau iska ce ta juya ni. Yalla, maza ja igiyar!"

Tausayinsa ya kama ni har na manta da amai. Ɗan ya dubi ubansa, sannan ya karɓi igiyar daga hannuna ya ja.