Kunne Ɗaya Ya Rage wa Malam Ƙure-ta

Ba ya zama. Akwai kujera a shagonsa na bayan tashar mota, amma tsofaffin rediyoyi ne a kanta. Ƙarfe bakwai na safe yake ɗaga ƙofa, ya jawo gwangwanin kusoshi, ya soke sukundireba a aljihun gaba, ya ajiye kofin shayin da zai huce bai kurɓa ba. Kafin ya gama amsa gaisuwar mai faci, maƙwabcinsa, mota ta tsaya. Shekara talatin da takwas ke nan haka safiyarsa take.

Aikinsa gyaran rediyon mota, musamman irin ciwon nan da ba ya fitowa sai an ɗaga murya: a ƙasa-ƙasa lafiya lau, da an ƙara sai gurnani, sai tari, sai ɗif. Mai mota zai zo cikin ladabi ya rage sautin don su gaisa. Shi kuwa sai ya faɗa kujerar gaba, ya ja ƙofa, ya ɗage gilashi, ya ce, "Ƙure ta." Daga nan direbobi suka samo masa suna, har na yanka ya ɓace.

Jinjina na zo yi, amma da faɗa a cikinta. Likita ya gaya masa kunnen hagu ya tafi, na dama saura rabi, kuma in ya ci gaba da kulle kansa cikin mota ana ƙure masa murya, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ya ce zai rufe shago ƙarshen wata. Wata uku ke nan yana faɗin haka.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Rediyon motata ya soma shaƙewa duk lokacin da na ɗaga labarai. Duk wanda ya leƙo, daga mai wankin mota har surukina mai digiri biyu, magana ɗaya ce: sifika ta fashe. Na koyar da kimiyya tsawon rayuwata, kuma na lura amsar da kowa ya haddace ita ce wadda ba wanda ya gwada. Surukin nawa bai saurare ni ba, ya sa aka ɗaura sababbin sifiku. Shaƙewa tana nan daram.

Malam bai ko kalli sifikun ba. Ya ce a tayar da inji, a ƙure murya, sannan ya zuba wa ƙananan fitilun gaban sitiyari ido. Duk sanda muryar ta yi ƙarfi, sai su lumshe.

"Hajiya, kin gani? Ba maƙogwaro ne ke ciwo ba. Yunwa ce."

"Yunwa kuma, Malam?"

"In ya ɗaga murya yana neman wuta da yawa, ita kuwa ba ta isowa. Ke ma in ba ki karya ba, ai ba za ki yi wa 'yan aji tsawa ba."

Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya bi wata baƙar waya har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Tsatsa ta cinye wurin. Ya kankare, ya ɗaure. Muryar mai karanta labarai ta fito tas har mai faci ya waiwayo. Surukina ya ce, "To Baba, sababbin sifikun fa?" Ya ce, "Ka bar su, yaro. Ba su yi laifi ba. Tsofaffin ma ba su yi ba."

Ku tambayi Dogo, direban babbar mota, wanda rediyo ne kaɗai ke hana shi gyangyaɗi a doguwar hanya. Wata biyu ƙofarsa tana zuza kamar an kulle ƙudan zuma a ciki. An canja masa sifika sau biyu, ya gaji ya kashe rediyon, ranar nan saura ƙiris ya sauka daga titi. Malam ya sa aka ƙure, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙofar yana shafawa sannu a hankali, kamar mai neman inda zazzaɓi ya taru. Ya tsaya wuri ɗaya. Da aka kwance murfin ƙofar, sai ga sifana da wani mai gyara ya manta a ciki.

"Wata biyu ina tsine wa masu ƙera rediyo," in ji Dogo, "ashe bayin Allah ba su ci ba, ba su sha ba!"

"Ka je ka nemi gafararsu," in ji Malam. "Sifanar kuma ta zama tawa."

Malam, kai ne wanda bai taɓa yanke wa sifika hukunci ba sai ya ji ta bakinta. Kai ne ka gane cewa ciwon da ke ɓuya a ƙasa-ƙasa sai an bi shi har inda yake ihu. Mai haƙurin bin waya, gagara kintace. Amma ihun nan a kunnenka ya riƙa sauka, mota bayan mota, mu kuma muna tsaye a inuwa muna jira a miƙo mana mukulli.

'Yar Malam babba, mai aikin jinya, ita ce ta kai shi wurin likita da ƙyar. Ta ce a gida mahaifiyarsu sai ta zagayo ta damansa kafin ta ce abinci ya sauka. A gabana suka yi wannan:

"Baba, ina mukullin shagon?"

"Mota ɗaya ce ta rage."

"Baba, tun wancan watan mota ɗaya ce ta rage."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai!"

Wallahi ban sani ba ko ya ji. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Mutanen tasha suna cewa irinsu Malam in suka bar aiki sai su kwanta ciwo, gara a ƙyale shi. Na juya maganar nan, na ga duk masu faɗinta motocinsu na da rediyo. Ban yarda ba.

Ranar Talatar da ta wuce na biya shagon, 'yar tana nan da kwalaye tana tattara kaya. Sai ga wani mai tasi a guje: rediyonsa yana ɗaukewa da an ɗaga, kuma an ce masa nan ne kaɗai. Hannun Malam ya kai kan ƙofar motar. 'Yar ta zo ta tsaya tsakaninsa da ƙofar. Ya dube ta, ya dubi motar, ya kai gwauro ya kai mari a gaban shagon. Can sai ya ja da baya har gindin katanga, ya toshe kunnen dama da yatsa.

"Kai direba! Shiga da kanka. Ɗaga. Me fitilun suka yi?"

"Ba su yi komai ba, Baba!"

"Ka ce me?"

'Yar ta girgiza masa kai, alamar ba su motsa ba.

"To ba wuta ba ce. Mayar da sautin duka hagu. Yanzu dama. Ina ya ɗauke? Buɗe ƙofar nan, dubi wayar da ta ratsa tsakanin ƙofa da jikin mota."

Mai tasi ya durƙusa ya jawo waya, rigarta ta goge, tana taɓa ƙarfe. Ya miƙe yana dariya kamar wanda ya ci jarrabawa. Malam kuwa bai matso ba. Ko ya miƙa wa 'yar mukullin shagon a ranar, ban gani ba. Jiya dai ƙofar shagon a sauke take. Yau ban leƙa ba, tsoro nake ji kada in tarar da ita a ɗage.

Malam, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya tsare abin da ya rage. Matasan da ke wannan sana'a, ku ɗauki hanyarsa: ku gwada kafin ku kwance, ku bi waya kafin ku zargi sifika, kuma ku toshe kunnuwanku tun kuna da biyu. Ku kuma masu motoci, in kun je kun tarar da ƙofa a rufe, kada ku bi shi gida. Yana da jika da ta fara haɗa kalmomi, muryarta 'yar siririya ce, kuma ba ta da wurin ƙarawa.