Ƙofar Hajiya da Littafin Talla

Lokacin kaka ne, irin ta ƙasar Turawan nan, da ganye ke yin ja yana zubowa, rana kuma ta faɗi tun mutum bai gama aikin yini ba. Shekarar ta zo mana da nauyi. Maigidana ya ji ciwo a baya a siton da yake ɗaukar kaya a garin Laurel, ya kwanta wata biyu, da ya tashi sai ya koma tuƙin babbar mota, yakan yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba. Ni kuma ina kula da wata tsohuwa a gidanta, daga goma na safe zuwa shida da rabi. Aikin nan shi ne ya riƙe mu.

Abin da ya riƙe aikin kuwa ƙofa ɗaya ce, a hawa na biyu na benen da muke haya a garin Silver Spring. Hajiya ce a ciki, dattijuwa mutuniyar Maraɗi, tana zaune da ɗanta mai tuƙin tasi. 'Yata shekararta bakwai. Motar makaranta takan sauke ta da uku da rabi, ta hau ta ƙwanƙwasa wa Hajiya, ta zauna a can har in dawo. Mu Kirista ne daga kudancin Kaduna, ita Musulma, amma ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Ranar da na gwada ba ta, cewa ta yi in ɗauke mata hannuna daga gabanta. Ni tana kirana ɗiyata, yarinyar kuma ƙawata, tana tsokanarta wai ta cinye mata shinkafar gida.

Kowace kaka makarantar takan raba wa yara wani littafi mai sheƙi. A ciki akwai hotunan takardar naɗe kyauta, da kyandir mai ƙamshi, da gugguru, da kwaɓin biskit daskararre a roba. Yaro zai bi mutane su zaɓa su biya, a kawo kayan daga baya. Kamfani ya ɗebi nasa, makaranta ta samu saura. Wanda ya sayar da kaya goma za a kira sunansa a lasifika, a kai shi walima da sauran gwanaye.

Ranar da ta fara kawo shi na daɗe ina juya shi a hannuna. Ni da farantin gyaɗa a ka na tashi. Lokacin da sa'o'ina ke cikin aji ina bakin tasha, ban riƙe fensir ba sai da na yi aure na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara ashirin da huɗu. Har yau in zan karanta takarda sai na bi ta da yatsa. Na haye teku don kada 'yata ta san talla, ga shi makaranta da kanta ta ɗora mata. Amma ban hana ta ba. Na ce ƙasar mutane ce, wataƙila haka suke yi.

Mutanen da muka sani ba su da yawa. A coci kowa da littafin ɗansa a jaka, ka saya mini in saya maka. Sai na ce da yarinyar ta nuna wa Hajiya. Hajiya ta duba hotunan ta ce a rubuta mata roba biyu. Da bazara aka kawo wani littafin, ta sake saya. Shekara ta zagayo, ta sake. Kullum da fara'a. A wannan kakar ma ta ɗauki ɗaya, amma yarinyar na neman huɗu kafin ta cika goma, sai ta riƙa fito da littafin daga jaka tun a mota, tana hawa bene da shi a hannu.

Ranar Laraba na dawo na same ta zaune a kan matakala, jakarta a cinya, hannayenta sun yi sanyi. Ta ce ta ƙwanƙwasa har ta gaji. Na ɗauka Hajiya ta je asibiti ne. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu wata maƙwabciya ta kira ni a waya, ta ce ga yarinya ita kaɗai a matakala, kuma in ta sake ganin haka hukuma za ta kira. A nan ba wasa ba ne, ana iya raba uwa da ɗanta a kan ƙasa da haka. Na bar tsohuwar da nake kulawa da ita wa jikanyarta, na ruga. Juma'a ma na nemi izini na tashi da wuri. Matar ofishin da ya ɗauke ni aiki ta yi mini magana a hankali, ta ce iyalin tsohuwar sun fara tambaya ko akwai wata da za ta maye gurbina.

Ranar Lahadi bayan coci na sauka ni kaɗai na yi sallama. Ta buɗe nan take. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi maigida da hanya, na tambayi ƙafarta. Ta ce kwana biyun nan barci ne ke ɗaukarta da rana, tsufa. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ban ja maganar ba. Can ta ce in taimaka in ciro mata kifi daga saman firji ya saki, hannunta ba ya kaiwa.

Na buɗe. Robobin kwaɓin biskit ne jere, guda bakwai, ba a fasa ko ɗaya ba, kowace da sunan 'yata a liƙe, wasu ƙanƙara ta rufe rubutun. Kifin guda ɗaya ne, an tura shi a lungu. Sai a lokacin na tuna Hajiya na da ciwon suga, kuma tanderun gashi da ke ɗakin girkinta tukwane take ajiyewa a ciki. Na juyo, na ga ta gane abin da na gani.

"Hajiya, me ya sa ba ki ce ba ki so ba?"

"Ɗiyata, yaro ya kawo maka kaya har ƙofa, ka dube shi ka ce ba ka so? A gidanmu ba a yi."

Ta gyara zaman mayafinta. Ta ce abin da ɗanta ke bar mata na magani ne da cefane, kuma watan nan tasi ba ta kawo komai ba. Sannan ta ce, "Na leƙa ta ramin ƙofa, na ga littafin nan mai sheƙi a hannunta. Ina tsaye ina jin tana bugawa."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tun ina yarinya. Duk mai talla ta san gidan da ba a iya ce mata a'a, kuma can take fara zuwa. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da nake kai wa gyaɗa kullum, ba ta da haƙoran ci, amma tana kunce bakin zane ta ba ni. Da na ce da 'yata ta nuna wa Hajiya, ba don ina zaton Hajiya na son biskit ba ne. Na zaɓi ƙofar da na san ba za ta ƙi ba. Na wanke mata kifin na fito, kunya ta hana mu duka biyu maganar gobe.

Litinin na sake tashi da wuri, matar ofis ta ce wannan ne na ƙarshe. Da yamma akwai taron iyaye a ɗakin karatu na makarantar, na tafi da yarinyar. Tun a bas nake maimaita maganata da Turanci don kada ta watse. Da aka zo kan tallar na ɗaga hannu. Na ce ko za a bar iyaye su ba makaranta abin da suke iyawa kai tsaye, ba sai an sayar da komai ba, kuɗin duka ya shiga makaranta, yaron kuma a bar shi ya je walimar. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da aka ce in maimaita.

Shugabar taron mace ce mai kirki. Ta ce shawara ce mai kyau, ba ni ce ta fara kawo ta ba, za su sa wurin yin hakan a takardar baɗi. Bana dai an riga an ƙulla da kamfanin, kuma walimar kamfanin ne ke yi wa waɗanda suka sayar. In ina so in ba da kyauta, ofis zai karɓa. Wani uba ya ce ai sayarwar na koya wa yara ƙarfin hali da iya magana da mutane. Mutane suka gyaɗa kai. Na san abin da talla ke koya wa yaro, amma ba ni da Turancin da zan faɗe shi, sai na zauna.

A hanyar gida na gaya wa yarinyar ba za ta cika goman ba. Ta yi ta kuka tana amsa mini da Turanci, wai huɗu kawai suka rage, wai ƙawayenta duk za su je, wai Hajiya ai tana son saya. Na ce Hajiya ba ta so. Ta ce to me ya sa take dariya in ta kai mata.

Washegari da safe na cire littafin daga jakarta tana kallo. Na sa abin da ya sawwaƙa a ambulan, na rubuta sunan makarantar a baya da manyan baƙaƙen da aka koya mini a ajin manya, na ajiye a jakata don in miƙa a ofis. Sannan na kama hannunta muka sauka hawa na biyu. Na ce ta ajiye jakar a ƙasa ta ƙwanƙwasa da kanta, ta tsaya daidai ramin ƙofar. Ta yi, fuskarta a kumbure, hannayenta biyu a sake ba komai. Muka ji takun silifa ya zo ya tsaya. An ɗan jima kafin sakata ta motsa.

Na durƙusa na gaishe da Hajiya. Na ce daga yau haka za ta riƙa ganinta da uku da rabi. Hajiya ta dubi hannayen yarinyar, ta dube ni.

"Ƙawata, wa ya taɓa ki da sassafe? In kin taso ki zo, akwai kifi."

Yarinyar ta ɗauki jakarta, muka sauka har bakin titi. Na tsaya sai da motar makaranta ta ɗauke ta, sannan na bi bayanta a ƙafa da ambulan ɗin.