Kawu da Kwalbatin Ƙarshen Layi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanki da guga a shago ɗaya, can ƙarshen layinmu inda titi ya gangara. Kowa Mai Guga yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Shagon ɗaki ne da rumfa: teburi da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, dutsen guga biyu na gawayi, ɗaya na lantarki da ya fi zama ado, sai igiyoyin shanya shida a baya, gab da bakin kwalbati.

Mai wanki da sama yake aiki. Kawu kan fito da safe ya ɗaga kai, ya ce yau a shanya manyan kaya, ko ya ce a dakata, kuma da wuya ya kuskure. 'Yan shekarun nan sai abin ya ƙi masa. Damina ta riƙa makara, zafi ya tsananta har sabulu na narkewa a kan kanta. In kuma ruwan ya tashi zuwa, na wata guda yake juyewa cikin awa biyu.

"Da can hadari yana sallama," in ji shi. "Yanzu sai dai ka gan shi a tsakar ɗaki."

Kwalbatin ya yi wa irin wannan ruwa kaɗan, ga leda da robobi sun toshe rabinsa. Shekarar farko ruwa ya shiga shagon iya idon sawu. Ta biyu ya kai gwiwa, ya shiga gidaje tara, har da na malamar makaranta da ke maƙwabtaka da mu. Mutanen layi suka taru a ƙofar mai walda, malama ta rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Da aka zo wanda zai kai, mai walda ya ce, "A ba Mai Guga. Shi kaɗai ne a cikinmu rigarsa ba ta yamutse ba." Aka yi dariya, Kawu ya karɓa.

Na raka shi zuwan farko sakatariyar ƙaramar hukuma. A sashen muhalli akwai fanka da ba ta juyawa, da babban hoto a bango na wata farar dabba tsaye kan ƙanƙara, an rubuta sauyin yanayi a ƙasa. Jami'in ya karanta takardar yana kaɗa kai.

"Baba, ai wannan matsala ce ta duniya baki ɗaya."

"Haka ne, yallaɓai. Amma ni ta ƙarshen layinmu na kawo."

Ya tura mu sashen ayyuka. Can suka ce kwalbati nasu ne, amma sharar da ke ciki ta 'yan muhalli ce. Muka koma, aka ce oga ya tafi taron bita. Sau goma sha ɗaya Kawu ya rufe shago ya je. Har masinja ya saba da shi, in ya hango shi sai ya jawo masa benci tun kafin ya yi sallama.

Ana cikin haka aka ce hukuma za ta zo layinmu. Kawu ya kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa. Ranar aka kafa rumfuna, aka raba riguna da huluna masu hoton ganye, shugaban ƙaramar hukuma ya durƙusa ya dasa itace ɗaya masu hoto suna ɗauka. An sa Kawu cikin masu jawabi, amma kafin a zo kansa aka ce lokaci ya ƙure. Motoci suka juya tun kafin gangaren, ba wanda ya ga kwalbatin.

Dashe arba'in suka bari, ba shinge, ba mai ba su ruwa. Kawu bai tsani itatuwan ba. Shi ya riƙa jido ruwan ɗauraya a bokiti yana zuba musu, yana faɗa da awaki. Bakwai suka rayu.

Da damina ta sake ƙaratowa, mutane suka gaji da jira. Wata Asabar maza da mata suka fito da shebur da buhuna, suka yashe kwalbatin tas. Kansila ya yi alkawari ta waya cewa motar kwashe shara za ta zo Litinin. Litinin ɗin wani ma'aikaci ne ya zo a babur, ya manna wa ƙofar Kawu takardar gargaɗi, wai an tara shara a gefen titi ba izini.

Ban taɓa ganin Kawu ya ɗaga murya ba sai ranar. Matarsa ce ta riƙe masa hannu tana cewa, "Mai Guga, hawan jininka." Ma'aikacin ya ce shi aiko shi aka yi, ya tayar da babur.

Kwana goma sha uku tarin yana nan. Ranar Juma'a da rana tsaka sama ta yi baƙi, ruwa ya tsuge, ya kwashe sharar ya mayar da ita inda aka ciro ta. Kawu ya yi sawu uku da ƙunshin kayan mutane a ka, ruwa iya ƙugu. Yana na huɗu katangar bayan shagon ta zube. Allah ya sa yana waje. Kayan mutane ko hula ba ta ɓata ba, amma teburin da duwatsun guga suna ƙarƙashin ginin.

Yanzu a ɗakin ƙofar gidanmu yake aiki, kan wata tsohuwar ƙofa da mai walda ya yi wa ƙafafu. Wanki ya rage, don babu wurin shanya, kuma gwiwarsa ba ta ƙara komawa daidai ba.

Watan jiya takarda ta zo, an naɗa shi cikin kwamitin wayar da kan jama'a game da sauyin yanayi. Mama ta ce kada ya je.

"Yaya, in ban je ba wa zai ambaci kwalbatin?"

Ya je. Awa uku aka yi ana muhawara kan launin rigunan da za a buga bana. Da ya ɗaga hannu, sakatare ya ce maganarsa ta faɗa cikin sauran batutuwa, a bari sai zama na gaba.

Ya dawo ya zauna bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba. Mama ta ajiye masa kwano, ta tambaye shi yaushe ne zaman na gaba.

"Sun ce za su sanar."

"To, ci abincinka," in ji ta. "Akwai kayan malama, tun jiya take aike."